Tudun Gobekli Tepe: A Tone Shi Duka ko A Rage Wa Na Baya?

A kudu maso gabashin ƙasar Turkiyya, kusa da birnin Urfa, akwai wani tudu da ake kira Gobekli Tepe, wato tudu mai tumbi. A shekarar 1963 masu bincike daga jami'o'in Istanbul da Chikago suka ziyarci wurin, suka ga ɓaraguzan duwatsu, suka ɗauka tsohuwar maƙabarta ce. Sai a 1995 wani Bajamushe masanin binciken kufai, Klaus Schmidt, ya soma tono. Ya tarar da gine-gine masu siffar da'ira, da ginshiƙan dutse waɗanda wasunsu suka haura mita 5, an sassaƙa musu siffofin maciji da kunama da ungulu. An kafa mafi tsufansu wajen shekara 9,500 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), tun mutanen yankin ba su san ginin tukunya ba, balle rubutu.

Har yau ɗan ɓangare kaɗan na tudun aka buɗe, alhali na'urorin da ke leƙa ƙarƙashin ƙasa sun nuna akwai wasu gine-ginen a binne. Wannan ya sa wasu ke ƙorafin cewa ana jan ƙafa. A ganina jinkirin shi ne daidai, kuma ga hujjojina.

Da farko, tono ba ya maimaituwa. Tudu irin wannan hawa-hawa yake, kowane hawa da zamaninsa. Darajar ƙashi ko gawayi ko dutsen niƙa tana ga inda aka same shi da abin da ke kewaye da shi. Da zarar an kwashe ƙasar, shaidar ta tafi ke nan. Misali, a shekarun 1870 Heinrich Schliemann ya haƙa wawakeken rami a tsakiyar tudun tsohon birnin Troy, a can Turkiyyar, cikin ɗokin isa ga birnin da ya karanta a littattafai. Garin haka ya rusa hawa da dama, har da na zamanin da yake nema.

Na biyu, kayan aiki suna ƙara inganta. Sai a ƙarshen shekarun 1940 aka gano hanyar auna shekarun gawayi da ƙashi ta sinadarin kabon. Masu tono na farko sukan watsar da irin waɗannan abubuwa a matsayin shara. Abin da mai binciken yau ba ya iya karantawa a cikin ƙasa, wataƙila jikansa zai iya, muddin an bar masa ƙasar.

Na uku, fahimtar masana kan sauya. Schmidt ya ɗauka wurin ibada ne kawai, wanda mafarauta ke taruwa a cikinsa su watse, kuma da gangan aka binne shi. Bayan rasuwarsa a 2014, aka gano gidajen zama da ramukan tara ruwan sama, aka kuma yi nazarin dubban duwatsun niƙa. Yanzu masana da dama suna ganin mutane sun zauna a wurin, kuma zaizayar ƙasa ce ta rufe wasu gine-ginen. Da an kwashe tudun duka bisa fahimtar farko, da wace ƙasa za a gwada ta biyun?

Masu neman a gaggauta suna da abin faɗa: tun da Hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 2018, baƙi suna tururuwa, mutanen yankin suna samun abin sawa a baka. Sai dai dutsen da ƙasa ta adana shekara dubu 11, rana da ruwan sama ba sa raga masa idan an buɗe shi. Shi ya sa aka gina rumfuna a kan abin da aka riga aka tono. Buɗe abin da ba za a iya kula da shi ba ɓarna ce.

Saboda haka, malamin gobe da zai koyar da wannan darasi ya nuna wa ɗalibansa yadda aka san abin da aka sani, da yadda sabuwar shaida ta gyara tsohuwar fahimta. Ya kuma gargaɗe su cewa duk wanda ya ci karo da tsohon kufai, ya sanar da hukuma, kada ya sa masa fartanya.