Sanarwar Bayan Taron Masu Gidajen Haya na Unguwannin Naibawa da Hotoro, Kano

Mambobi sun zauna tun bayan sallar Azahar har aka kira Magariba, tare da wakilan masu unguwanni da wasu dillalai. Ga abin da aka tsayar.

Taron ya gode wa Allah bisa albarkar wannan sana'a. Da yawa daga cikinmu 'yan fansho ne da zawarawa da marayun da suka gaji gida, kuma da kuɗin haya ake cefane, ake biyan makaranta. Gida ba ya ruɓewa kamar tumatir a kwando, darajarsa ma hawa take.

Amma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, gyara ya zama jidali. Buhun siminti ya haura Naira 10,000 a farkon 2024, kwano da fenti da ladan birkila suka bi sahu. Wata Hajiya ta kawo rasit ta nuna: hayar shekara ta ɗaki biyu ta ƙare a yashe shadda da toshe yoyon damina. Wani dattijo kuma ya ce ɗan hayarsa ya kwashe kaya da tsakar dare, ya bar masa bashin wutar KEDCO da ƙofa ba kuba. Da aka tambaye shi takardar yarjejeniya sai ya ce ai ɗan abokinsa ne. Nan aka fi daɗewa ana muhawara, domin kusan kowa ya taɓa ba da gida a kan kunya.

Don haka daga yau kada mamba ya miƙa makulli sai da yarjejeniya a rubuce, da shaidu biyu, da sanin mai unguwa. A bayyana wanda zai ɗauki nauyin wuta, ruwa, shara da yashe shadda. Wanda ya samu hali ya sanya mita mai kati.

A riƙa ba da rasit. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta ba ɗan haya damar cire kashi 20 cikin 100 na hayar shekara daga kuɗin shigar da ake yanka wa haraji, iyakarsa Naira 500,000, kuma zai buƙaci shaidar biya.

Game da ƙarin kuɗi, taron bai hana ba, amma ya ƙi ninkawa dare ɗaya, musamman wanda dillali ke zugawa don la'adarsa ta yi kauri. A sanar da ɗan haya tun da sauran wata uku.

Taron ya yi tir da yaye rufi ko cire ƙofa don korar mai iyali. Mai hayar shekara yana da notis na wata shida, sai fa in yarjejeniya ta faɗi wani abu daban. A fara da sulhu gaban mai unguwa. In ya faskara, kotu.

Batun takardun mallaka a hukumar filaye ta KANGIS an ɗage shi zuwa zama na gaba. Kowa ya zo da kwafin nasa.

Sa hannu:
Shugaba
Sakatare