Jirgin Karaduwa da darasin da teku ke bai wa daji

A watan Disamban 2016 rundunar sojin ruwan Najeriya ta ƙaddamar da NNS Karaduwa, jirgin sintiri na biyu da injiniyoyinta suka ƙera a Legas, bayan NNS Andoni na 2012. Jirgin yana ɗauke da sunan da ake kiran shiyyar Funtuwa, wadda ta haɗa da Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara, yankin da bai san teku ba amma ya san garkuwa da mutane.

A 2020, shekarar da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara, 'yan fashin teku sun sace ma'aikatan jiragen ruwa 130 a Mashigin Tekun Gini. Daga baya lamarin teku ya lafa, har a 2022 aka cire Najeriya daga jerin wuraren da fashin ya fi ƙamari.

Dalilan a bayyane suke. Yarjejeniyar Yawunde ta 2013 ta sa ƙasashen yankin musayar bayanai. Dokar 2019 ta ba kotu damar hukunta masu fashin. Shirin Deep Blue na 2021 ya kawo jiragen ruwa da na sama masu sintiri ba dare ba rana. Ɓarawo kuwa yana shakkar wurin da ya san ido na kansa.

Sai dai manyan jiragen har yanzu na saye ne: NNS Unity daga Sin, da biyun da aka ba kamfanin Dearsan na Turkiyya kwangilarsu a 2021. Hatta Amurka ta nemi agajin Koriya ta Kudu a 2025 domin farfaɗo da masana'antar ƙera jiragenta. Don haka abin da ya kamata majalisa ta bincika a kowace kwangila shi ne yawan aikin da za a yi a gida da injiniyoyin da za a horar, domin kayan aro ba ya rufe katara.

A dazukan da suka haɗa Sabuwa da Birnin Gwari da Zamfara kuwa, kowace jiha na bin tata hanyar, wannan na sulhu, waccan na yaƙi, 'yan bindiga suna tsallake iyaka yadda suka ga dama. Muddin gwamnoni ba su haɗa bayanai da sintiri da shari'a wuri ɗaya ba, manomin Sabuwa zai ci gaba da biyan kuɗin fansa kafin ya shiga gonarsa.