Yaran Haɗejiya ma su hau dutse mana

1/ Jama'a, ga wata magana da za ta iya jawo min dariya, amma sai na faɗe ta. Yaro zai iya gama firamare da sakandare a Haɗejiya bai taɓa hawa abin da ya fi soron gidansu tsawo ba, a jihar da sunan babban birninta Dutse. Ni dai asara nake ganinta, kuma gyaranta ba ya cin kuɗi sosai. Ku biyo ni. 🧵

2/ Na san amsar farko: "Malam, ina ka ga dutse a Haɗejiya?" Gaskiyarku, babu. Daga Auyo har Guri ƙasar a shimfiɗe take kamar faifai, domin a kan yashi da lakar kwarin Tafkin Chadi muke zaune. Manyan duwatsun jihar suna can kudu da yamma: Dutse, Birnin Kudu, Gwaram, Kazaure.

3/ Amma muna da tudu. Dogayen jigayin yashin nan da ke tsakanin fadamu, iska ce ta tara su dubban shekaru da suka wuce, lokacin da yankin ya fi yanzu bushewa. Su ne ke sa kogin ya rarrabu yana ratsawa ta tsakaninsu. Kalmar jigawa kanta irin wannan ƙasa take nufi. Yara nawa aka taɓa kaiwa kan jigawa aka gaya musu haka?

4/ To abu biyu nake kira a yi. Na ɗaya, tattaki a gida: a riƙa fita da yara a ƙafa, bakin kogi, kan jinga, kan tudu. Na biyu, ko sau ɗaya a shekara a saka su a mota a kai su inda dutse yake su hau. Na farkon kyauta ne. Na biyun kuɗin mota ne da abincin rana.

5/ Mu fara da na gida. A ƙaramar hukumar Kirikasamma akwai dausayin Baturiya, wanda aka saka cikin jerin dausayin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2008. Da hunturu tsuntsaye kan taso tun daga Turai, su keta Sahara, su sauka a wurinmu. Masu bincike na zuwa daga nesa don su gan su. Mu da ke maƙwabtaka fa?

6/ Ku gwada: ku tambayi ƙaninku ɗan aji shida ya bambance muku zalɓe da balbela, ko giginya da goruba. Sannan ku tambaye shi 'yan wasan Barcelona. Ba laifinsa ba ne wallahi. Boko da safe, islamiyya da yamma, lesin ranar Asabar, ragowar lokacin kuma waya. Yaushe zai ga zalɓen?

7/ Kuma maganar ta wuce sanin sunan tsuntsu. Mu mutanen ambaliya ne. Duk wanda yake Haɗejiya a daminar 2022 ya ga yadda matasa suka kwana kan jinga suna jera buhunan ƙasa. Yaran da ke firamare yau su ne za su tsaya a wurin nan da shekara goma.

8/ Yaron da ya taka jingar da ƙafarsa a lokacin rani ya san ina ne tudu, ina ne kwari, ta ina ruwa ke fara shigowa. Ya ga yadda kachala ta toshe hanyoyin ruwa har kwale-kwale ba ya wucewa. In malami ya ce masa madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun canza tafiyar kogin, zai gane, don ya ga kogin da idonsa. Gani ya kori ji.

9/ Yanzu hawan dutse. A hutun hunturun da ya wuce na kai ƙannena uku wani dutse a garin Dutse, irin mai kwanciyar nan da ake hawa ba igiya. Autarmu, 'yar shekara 9, da rarrafe ta fara, tana cewa "Yaya, ni dai mu koma." Na ce ta dubi inda za ta sa ƙafa kawai, ta bar kallon ƙasa.

10/ Da muka kai sama ta yi shiru, tana kallon rufin gidaje da motoci kamar kwalin ashana. Can sai ta ce: "Yaya, ta ina Haɗejiya take?" Ranar ta fara tambayar ina ne gabas, ina ne arewa, ba don jarrabawa ba. Har yau in wani abu ya yi mata wuya takan ce ai ta hau dutse ma.

11/ Abin da dutse ke koya wa yaro ke nan. Yana jin tsoro, kuma tsoron na gaskiya ne, amma yana koyon tafiya da shi a hankali: a dafa da hannu, a gwada wurin kafin a ɗora nauyi, a jira na baya. Ba a yin satar amsa a kan dutse, babanka ma ba zai hau maka ba. Sannu ba ta hana zuwa.

12/ Sannan ga tarihi a kwance. A Birnin Kudu, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, akwai zanen shanu da mutanen da suka yi a jikin dutse. Akwai kuma duwatsun da in an buga su suke amo kamar ƙararrawa, waɗanda Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950. Suna cikin kayan tarihin ƙasa. A jiharmu fa.

13/ Masu cewa hawan dutse al'adar Turawa ce, ku tuna da Dala. Tarihin Kano daga gindin dutsen nan ya faro, da labarin Barbushe da Tsumburbura. Ga Goron Dutse, ga Kufena a Zariya, ga Kwatarkwashi a Zamfara. Kakanninmu a jikin duwatsu suka kafa garuruwa. Abin da Bature ya ƙara shi ne takalmi na musamman da gasa.

14/ Gasar ma ta yi nisa: hawan bango ya shiga wasannin Olamfik a Tokiyo, a gasar da aka yi a 2021. Amma ni ba wannan nake nema wa yaranmu yanzu ba. Hawan miƙaƙƙen dutse da igiya sai da ƙwararre da kayan aiki na gaske. Don Allah kar wani ya karanta wannan ya ɗauki igiyar guga ya ɗaura wa yaro a ƙugu.

15/ Akwai masu cewa: "Yaran ƙauye ai kullum a tafe suke, kiwo, itace, talla. Wane tattaki kuma?" Wannan magana ce mai nauyi. Sai dai tafiya da tire a ka ko damin itace aiki ce, ba wanda ke tsayawa ya tambayi yaron me ya gani. Su ma suna da haƙƙin tafiyar da ba kaya a kansu.

16/ Hasali ma su ne malaman. Ɗan makiyayi ya san wace ciyawa ke kashe tunkiya, ya san sawun maciji a kan yashi. Ɗan masunci ya san inda ruwa ke da zurfi tun kafin ya shiga. Ku haɗa su da yaran cikin gari a tafiya ɗaya, ku ga wa zai riƙa tambayar wa. Ranar yaron da ake rainawa a aji shi ne a gaba.

17/ "Dutse akwai iskoki." Ba zan yi wa iyayenmu dariya ba. In mutanen gari sun ce ba a zuwa wani wuri, a bar musu wurinsu, duwatsu ba su ƙare ba. A fara gaida mai unguwa, a nemi ɗan gari ya yi jagora. Shi ya san ramin da maciji yake, da ɓangaren da ke da santsi.

18/ Haɗarin da na fi tsoro shi ne rana, ƙishirwa, santsi da kunama. Don haka:
• a tafi da hunturu, Nuwamba zuwa Janairu
• a fara da sassafe, a sauko kafin azahar
• ba a hawa bayan ruwan sama
• kowa da gorar ruwansa
• kambas, ba silifas ba
• ba a zura hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse

19/ Ƙari: babba ɗaya kan yara biyar, ɗaya a gaba, ɗaya a baya. A ƙirga yara kafin hawa, a ƙirga bayan saukowa. Saukowa ta fi hawa haɗari, don a nan gajiya da gaggawa ke haɗuwa. Hoto a bakin gangare don TikTok kuwa, a'a. A bakin kogi ma doka ɗaya ce: ba mai shiga ruwa.

20/ Maganar tsaro ma gaskiya ce, ba kowane daji ake shiga ba a Arewa yau. A zaɓi wurin da ke kusa da gari, a tambayi mutanen wurin halin da ake ciki, a sanar da iyaye inda za a je da lokacin dawowa. In an ce kar a je, a fasa. Rigakafi ya fi magani.

21/ Kuma don Allah kar a bar 'yan mata a gida. In an ce yawo sai a kwashi maza, su kuma a bar su da wanke-wanke. A sa wando a ƙarƙashin hijabi, a tafi da malama mace ko yayarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara 'yan shekara 5 zuwa 17 na buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 60 kullum. Ba ta ce maza kaɗai ba.

22/ Wa zai yi? Mu. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse, Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, Kwalejin Binyaminu Usman ta Haɗejiya. Ƙungiyoyinmu na ɗalibai kan tara kuɗi don liyafa da lambobin yabo. Kuɗin liyafa ɗaya zai ɗauki hayar bas ya kai aji guda Birnin Kudu ya dawo da su a yini ɗaya.

23/ Shugabannin makarantu da ƙungiyar iyaye da malamai, ranku ya daɗe: in za a yi yawon buɗe ido na ƙarshen zango, a gwada Baturiya ko Dutsen Habude. Malamin labarin ƙasa zai koyar a awa biyu abin da yake fama da shi zango guda a kan allo.

24/ Kai kuma da kake karanta wannan a kwance, kana da ƙanne ko 'ya'yan yayye. Asabar ɗin nan ka nemi izinin iyayensu, ka ɗauki uku ko huɗu, ku taka zuwa tudun da ya fi kusa da ku. Ka bar su su yi ta tambaya. Abin da ba ka sani ba, ku tambayi manomin da kuka tarar a hanya.

25/ Ku faɗa min a ƙasa: wane dutse ko tudu ne kusa da garinku da yaro ɗan shekara 10 zai iya hawa lafiya? 'Yan Gwaram, Kazaure, Birnin Kudu, ina jiranku. In mun tara sunayen zan haɗa su wuri ɗaya don malaman makaranta su samu. Allah ya raya mana su.