Leda Ta San Hanyar Zuwa Salka, Ba Ta San Ta Komawa Ba

A 'yan shekarun nan manyan kamfanonin abinci da abin sha sun shigo da wata sabuwar magana da suke kira tattalin arziki mai kewayawa. Abin nufi shi ne kada robar da aka ƙunso kaya a ciki ta ƙare a juji. A tattara ta, a wanke, a niƙa, a narke, ta sake zama wata robar. An kuwa fara motsi a kai. A shekarar 2018 kamfanoni irin su Nigerian Bottling Company da Nestlé suka kafa ƙungiyar FBRA don tattara robobin da suka sayar da kaya a ciki. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan sharar roba, wadda ke ɗora wa mai kaya alhakin mazubinsa ko bayan an sha an yar. Jihar Legas kuma ta haramta farar robar zuba abinci mai kama da soso a watan Janairu na 2024.

Duk wannan abin a yaba ne. To, amma ina wannan kewayawa ta tsaya? Don a gane amsa, sai a dubi gari kamar Salka, a Ƙaramar Hukumar Magama ta Jihar Neja, cikin masarautar Kontagora. Gari ne na manoma da makiyaya, mai nisa da masana'antun Legas da na Kano, amma nisan bai hana ruwan leda da lemon roba da ƙullin sabulun gari da na madara isa can ba. Motar dillali ta san hanya sarai, takan sauke kaya ta karɓi kuɗi ta juya. Ledar ce kaɗai ake bari a baya.

Ɓarnar da ke biyo baya ba ɓoyayyiya ba ce a karkara. Leda takan toshe magudanar ruwa da damina, ta shiga gona tare da takin juji ta yi shekaru ba ta ruɓe ba. Da rani in ciyawa ta yi wuya, saniya ko akuya takan haɗiye ta, ta cushe a tumbi, dabba ta yi ta ramewa mai ita yana ta sayen magani. Sai mahauci ya farke ciki a ga abin da ya ci ta. Wanda ya gaji ya cinna wa juji wuta kuwa, shi da iyalinsa ne za su shaƙi hayaƙin.

Mai karatu zai ce ai akwai 'yan bola jari. Gaskiya ne, kuma su ne ƙashin bayan wannan sana'a, don da guminsu ne injinan niƙa roba na Sharaɗa da Challawa a Kano ke samun abin niƙa. Sai dai ɗan bola jari awo yake sayarwa. Ƙarfe da tsohon bokiti da gorar roba suna da nauyi, suna da farashi. Ledar ruwa kuwa sai a cika buhu sikeli bai nuna abin kirki ba, ga ƙasa da danshi sun ɓata ta, ga kuɗin mota daga ƙasar Kontagora zuwa masana'anta. Ba wanda zai yi wahalar da ba riba. Ko a duniya baki ɗaya, rahoton ƙungiyar OECD na 2022 ya nuna kashi 9 cikin ɗari ne kacal na sharar roba ake sake sarrafawa, balle a ƙauye.

Abin mamaki, kamfanonin nan sun taɓa sanin maganin. Dattawa ba su manta zamanin da kwalbar gilashi ce sarauniya a shagon lemo ba. Mai saye yakan ajiye kuɗin kwalba, in ya mayar a ba shi abinsa, motar da ta kawo akwaku cike kuma ta koma da na wofi. Ba a ga kwalba a kwata ba, domin kwalba kuɗi ce. Kafin nan ma, huhun goro da ganye ake ɗaure shi, fura a ƙwarya take, kuma duk abin da aka yar ƙasa ke cinye shi.

Saboda haka hanya a fili take. Kamfanoni su sa wa ledarsu da gorarsu farashi, su ware kuɗin daga cinikinsu, su sa dillalansu saye a ranar kasuwa, motar da ta kawo kaya ta koma da sharar. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 don tsare dokokin muhalli, ta riƙa tambayar kamfanoni daga waɗanne garuruwa suka kwashe, ba nauyin da suka kwashe kaɗai ba. Ƙananan hukumomi su ba da fili a gefen kasuwa, masu gari da limamai su ja kunnen jama'a.

Hana leda da doka kawai ba zai wadatar ba. Jamhuriyar Nijar ta yi irin wannan doka tun 2014, amma baƙar leda ba ta bar kasuwannin ƙasar ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya ci ribar kasuwar Salka, shi ya kamata ya kwashe ledarsa. Allah ya sa masu abin su ji.