Mu Baje Kolin Aikin Allurarmu A Mayo, Da Sunan Mai Shi A Jiki

Jama'a, tun da sojoji suka karɓe Hartum a watan Maris na 2025 mutane suke ta komawa gidajensu, kowa yana lissafin abin da ya rage masa. A Mayo lissafin ba daɗi. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ci rayuka a Suk Sitta da kasuwar Guro, ya kuma ci jarin talaka: keken ɗinki, injin surfani, akwatin zare, har da tsofaffin riguna da hulunan da aka gada. Ni a ganina, cikin abubuwan da ya kamata mu fara tayarwa har da sana'ar allura, kuma hanya mafi araha ita ce mu shirya baje kolin kanmu, a cikin unguwa, kowane aiki da sunan wanda ya yi shi.

Na san wani zai ce, ana fama da ruwan sha da wuta da magani, wa yake ta baje koli? Gaskiya ne, ciki shi ne gaba. To amma da me ake cika cikin? Gidaje nawa ne a cikinmu hular da uwa ta ɗinka a tsakar gida ita ke sayen gawayi da garin kisra? Matsalar ita ce mai aikin ba a san ta ba. Dillali ya karɓa a hannunta da arha, ya kai Suk Umdurman, mai saye ya yaba, ya biya, ba tare da ya san hannun wa ke ciki ba. Gobe in yana son irinta, dillalin zai nema. Ita kuwa tana nan da ciwon ido da ciwon wuya.

Akwai kuma batun tarihi. An wawashe Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Hartum, Baitul Halifa na Umdurman ma bai tsira ba. Wannan ya nuna mana cewa abin da aka tara a ɗaki ɗaya, rana ɗaya ake rasa shi. Wanda ke hannun mutane, ana koyar da shi ana ɗinka shi, shi ke daɗewa.

Kuma kada wani ya ɗauka haɗa ƙyalle da cusa auduga a bi da ɗinki al'adar Turawa ce. Duk wanda ya ga hawan Sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau ya ga 'yan lifidi, doki da mahayinsa sanye da yadi ninki biyu, an cusa audugar rimi a tsakani an bi da ɗinki layi-layi don kare kibiya da sara. Mahayan Sudan ma sun sa wa dawakinsu irin wannan, kuma akwai na zamanin Mahadi da ke ajiye a gidan tarihin Birtaniya a Landan. Jibbar Ansar ta fara ne da faci na gaske, alamar gudun duniya, daga baya a zamanin Halifa Abdullahi facin ya koma ado mai launi da tsari. Bayan yaƙin Karari na 2 ga Satumba 1898 an kwashi jibbobin nan da yawa zuwa Ingila. Su kuma kakanninmu da suka biyo hanyar Makka, da waɗanda suka taho bayan Burmi a 1903 suka kafa Mai Wurno kusa da Sinnar, sun zo da aska biyu da aska takwas a ƙirjin rigunansu. Gado biyu ke nan a hannunmu, na yamma da na bakin Nilu.

Me baje koli ke iya yi? Ga misali. A jihar Alabama ta Amurka akwai wani ƙauyen baƙar fata mai suna Gee's Bend, inda matan suka daɗe suna haɗa tsofaffin tufafin gona su yi mayafin sanyi, don talauci kawai. A 2002 aka rataye aikinsu a gidan nune-nune na Houston, sannan a New York, da sunayensu. A 2006 hoton mayafansu ya hau kan sarki na gidan waya. Kusa da mu ma, masu ɗinkin hayamiyya na titin da ke daura da Bab Zuwaila a Alƙahira, da kasuwarsu ta ja baya saboda yadin da inji ke bugawa, sun sami sababbin masu saye bayan an kai aikinsu wuraren baje kolin mayafai a Turai da Amurka. 'Yan'uwanmu da gudun hijira ya kai Masar suna iya zuwa su gani da idonsu.

Namu ba ya buƙatar zauren Burri. Farfajiyar makaranta, igiya da inuwa sun isa. A sa shi makonni biyu ko uku kafin ƙaramar Sallah, lokacin da mutane ke neman jallabiyya da hula. A jikin kowane aiki a liƙa takarda: sunan mai shi idan ta yarda, unguwarta, aikin hannu ne ko na keke, kwana nawa ya ci, da farashinsa. A raba na hannu da na inji, kada a cuci kowa. A ware wa mata yini guda. Tsofaffin kaya kuwa aro za a karɓa, ba na sayarwa ba, a ɗauki hoton gaba da bayansu a waya, a tura wa dangi a Gadarif da Kassala da Kano, don ko an sake rasa rigar, zanen na nan.

Sai dai fa baje koli tonon asiri ne. Mai saye zai juya bayan aiki ya duba. Don haka ga 'yan shawarwari ga teloli da matasan da ke koyon surfani.

Da farko a wanke yadin auduga, musamman dammuriyya, a goge shi kafin a sa masa zare. Auduga na shiga bayan wanki, zaren surfani ba ya shiga, shi ya sa wuyan riga ke tattarewa. A ɗaure yadin a tara, wato da'irar katakon nan, ya miƙe sumul amma ba a ja shi har saƙarsa ta karkace ba. A sa abin tokare a baya. In babu na kanti, siririyar takarda ko tsohon yadi mai sitaci zai yi.

Allura mai lamba 75 ko 80 ta dace da yadi mara kauri, lamba 90 kuma ga mai kauri. In zare ya fara tsinkewa ko keke yana tsallake ɗinki, a fara canza allura kafin a kira makanike. Zaren sama a ɗan sassauta shi, yadda zai ɗan leƙo ta baya, na ƙasa kuma kada ya fito a fuska. Ga farar jallabiyya da za ta sha wanki da rana, zaren foliyesta ya fi na rayon riƙe launi.

Rashin wuta ba hujja ba ce. Keken ƙafa yana surfani: a saukar da haƙoran da ke jan yadi ko a rufe su, a cire takalmin da ke danne yadin, hannu ya riƙa juya tara yayin da ƙafa ke tafiya da gudu ɗaya. A kiyaye yatsu. Mai haɗa mayafi kuma ta fara kama ninki ukun da dogon ɗinkin hannu, daga tsakiya zuwa gefe, sannan ta hau keke da ɗinki mai ɗan tsawo, kamar milimita 3. Ƙurar habub ita ce babbar abokiyar gabar keke: a share wurin ƙoshiya kullum, a ɗiga man keke, ba man girki ba, a rufe shi da zane. Kowane sabon zane a gwada shi a guntun yadin tukuna, guga kuma ta baya ake yi.

Kirana ga dattawan unguwa, da ƙungiyoyin mata, da matasan da suka riƙe tukwanen takiyya suka ciyar da mu a lokacin tsanani: ku kuka san ƙofar kowane gida da ake rike da allura. A zauna a tsayar da rana da wuri. 'Yan'uwa na Saudiyya da Masar da Najeriya, wanda zai iya ya aiko da allurai da zare, ko ya sayi hula ɗaya kai tsaye daga hannun mai ita. Ko aiki talatin ne aka rataye a karon farko, ya isa a fara. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa albarka a sana'ar kowa.