Gyaran Gida: Shuka Ɗaya Babba Ta Fi Ƙanana Goma

 A wannan karo za mu yi magana a kan shuke-shuken da a ke ajiyewa cikin ɗaki, musamman irin falon nan mai kujeru masu siraran ƙafafu, da dogon kabad maras tsayi, da faffaɗar taga. Mutane da yawa su kan sayi shuka da tsada, bayan wata biyu ta mutu, ko kuwa su cika falo da gwangwanaye har baƙo ya rasa wurin taka ƙafa. Duka biyun suna da magani.

Wannan salon ɗaki ya fito ne daga Amurka da ƙasashen arewacin Turai, kamar Danmak, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, watau daga 1945 zuwa ƙarshen shekarun 1960. Shi ya sa a ke kiransa salon tsakiyar ƙarni. Masu tsara gidaje na lokacin suka ce a rage ado maras amfani, a sa gilashi a bango domin wanda ke zaune ciki ya riƙa ganin waje. A 1949 Charles Eames da matarsa Ray suka gina gidansu na ƙarfe da gilashi a birnin Los Anjeles, suka ajiye manyan shuke-shuke cikin falonsa mai tsayin bene. A 1950 kuma Max Lawrence da matarsa Rita suka kafa kamfanin Architectural Pottery a wannan birni, suna yin manyan tukwanen shuka marasa zane, waɗansu a kan ƙafafun ƙarfe ko na katako. Salon ya iso mu ma, domin da irin wannan tunani ne Maxwell Fry da Jane Drew suka tsara gine-ginen Jami'ar Ibadan cikin shekarun 1950.

To, ga abin lura. Kayan irin wannan ɗaki gajeru ne, layinsu a miƙe. Shuka ita ce ta ke kawo tsayi da lanƙwasa, saboda haka matsayinta ɗaya ne da na kujera ko tebur. Ba don fure a ke zaɓenta ba, don siffar ganyenta ne. Hausawa sun ce da haihuwar yuyuyu gara ɗaya ƙwaƙƙwara. Ku nemi shuka ɗaya babba, in falon yana da faɗi ku ƙara ɗaya ko biyu, shi ke nan.

Wace za ku zaɓa? Biyu daga cikin waɗanda suka fi dacewa da wannan salo, asalinsu daga Afirka ta Yamma ne.

Ta farko ita ce moɗa, mai dogayen ganyaye a tsaye kamar takubba, wadda kakanninmu su ke fid da zarenta su yi igiya da tsirkiyar baka. Irin da a ke sa wa a ɗaki yana tsirowa a daji daga Nijeriya har Kwango. Ba ta da fitina ko kaɗan. Tana jure ƙarancin haske, tana jure ƙishi, abin da ke kashe ta shi ne yawan ruwa. Ku ajiye ta a gefen dogon kabad, tsayuwarta za ta gyara shi. In kuna son ƙari, ku raba saiwarta ku dasa. A kan kuma yanka ganyen a dasa ya tsiro, amma in irin mai rawayan gefe ce, sabon tsiron zai fito kore zalla.

Ta biyu 'yar'uwar durumi da gamji ce, masana suna kiranta Ficus lyrata. Gidanta kurmin da ke tsakanin Saliyo da Kamaru. Ganyenta ya kan kai santimita 45, yana sheƙi. Ita kam sarauniya ce, tana son haske mai yawa kusa da taga, ba ta son a riƙa ɗaga ta daga nan zuwa can. In an matsa mata sai ta zub da ganye.

Ta uku ita ce monsitera, daga kudancin Meziko da Amurka ta Tsakiya, mai faffaɗan ganye da tsage-tsage da huji. Kada ku damu in ƙaramarta ta fito ba huji, sai ta girma ta kuma sami isasshen haske su ke bayyana. Mai hawa ce, ku kafa mata sanda a tukunyar, in ba haka ba za ta baje ta cinye rabin falo.

Ta huɗu ita ce itacen roba na ɗaki, daga Indiya da ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, mai kaurin ganye kore shar. Ya fi ta biyun haƙuri, yana kuma tsayawa da kyau a kusurwa.

Kafin ku fid da kuɗi, ku dubi tagarku tukuna. Taga mai fuskantar gabas ita ce ta fi, domin ranar safe ba ta ƙuna. Mai fuskantar yamma kuwa, ku ja shukar baya kaɗan, ko ku sa labule shara-shara. In kusurwar da ku ke so a cika tana da duhu, moɗa ce kaɗai za ta yi. Ku riƙa juya tukunya kaɗan kowane mako domin kada shukar ta karkata wajen haske.

Game da tukunya, ku nemi maras zane, fara ko baƙa ko mai launin ƙasa, domin ganye shi ne ado. Tukunyar yumɓu ta masu gininmu ta isa, har ta fi ta roba, gama iska na ratsa ta. Lalle dai ta kasance da huji a gindi. Mai walda zai iya ƙera muku ƙafa uku ta ƙarfe ku ɗora ta, sai ta dace da ƙafafun kujeru, shara kuma ta yi sauƙi. Ku haɗa ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki. Kada ku ba da ruwa sai kun sa yatsa kun ji saman ƙasar ya bushe. Ruwan da ya tsiyaye cikin faranti a zubar da shi, kada ya zama gidan sauro. Lokacin hunturu ku goge ƙurar ganye da jiƙaƙƙen tsumma.

Iyaye, a kula da wannan. Ganyen monsitera yana ƙona baki da maƙogwaro in yaro ya tauna shi, moɗa ma ta kan ɓata ciki, farin ƙaron itacen roba kuma yana sa ƙaiƙayi a fata da ido. In akwai mai rarrafe a gida, ku ɗaga tukunya inda hannunsa ba zai kai ba, ko ku dakata sai ya yi wayo.

Masu sayarwa su kan ce shuka tana tsarkake iskar ɗaki. Maganar ta samo tushe daga gwajin da hukumar NASA ta yi a 1989, amma cikin rufaffun akwatuna aka yi shi. A 2019 masana na Jami'ar Drexel a Amurka suka sake duba irin waɗannan gwaje-gwaje, suka ga 'yan tukwane ba su kai buɗe taga amfani ba. Saboda haka ku ajiye shuka don kyanta, ku kuma buɗe tagoginku.

In ba ku taɓa gwadawa ba, ku fara da moɗa. Wataƙila ma tana nan a bayan gidan maƙwabciya, a roƙi reshe ɗaya da saiwarsa.