Rediyon Gwamnati da Tauye Mudu

Ya ku malamai da fatake, muna so mu yi magana a kan akwatin rediyo, gama shi ne abokin hirar mai shago a Dutse da mai awon hatsi a kasuwar Shuwarin. Gidan Rediyon Jigawa da kuɗin baitulmali aka kafa shi bayan an yanke jihar daga Kano a 1991, da kuɗin baitulmali kuma ake biyan ma'aikatansa. Watau ɗan kowace jam'iyya yana da rabo a ciki, har da wanda bai taɓa jefa ƙuri'a ba.

Kukan da ake yi da irin waɗannan gidaje shi ne tauye mudu. Ba safai mai karanta labari yake shirga ƙarya ba. Sai dai a cika wa mai mulki mudu har ya yi tozo, a faɗi inda ya je da abin da ya buɗe da waɗanda suka yi masa godiya, abokin hamayya kuwa a shafe masa baki, in ma an auna masa. Idan an raba taki, a ji muryar wanda ya raba, ba a ji ta manomin da ya koma gida hannu rabbana ba. Kowane malami ya san alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin ɓangare biyu, amma a nan mai sauraro shi ne alƙalin, kuma mutum ɗaya ake shigo masa da shi.

Ciwon tsoho ne. Da Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, 'yan NEPU sun yi ta ƙorafin cewa bakin NPC ne. Daga 1979, lokacin Dutse tana ƙarƙashin Kano, sai abin ya rabu biyu: Rediyon Kano tana wajen gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi, ta Kaduna tana hannun tarayya ƙarƙashin NPN. Ranar 10 ga Yuli 1981, da tarzoma ta tashi a Kano, gidan Rediyon Kano yana cikin wuraren da aka cinna wa wuta, domin masu tarzomar sun ɗauke shi kayan gwamna.

Doka ba ta yi shiru ba. An kafa hukumar NBC a 1992 don ta tsawata wa gidajen watsa labarai, dokar zaɓe ta 2022 kuma a sashe na 95 ta hana a yi amfani da kafar gwamnati don fifita wata jam'iyya, ta ce a raba lokaci daidai. Duk da haka masu sa ido na Tarayyar Turai a zaɓen 2019 sun ce gidajen rediyon jihohin da suka saurara hidimar gwamnoninsu suka fi yi. Dalilin a fili yake. Gwamna ke naɗa shugaban gidan, shi ke sauke shi, to wane edita ne zai sa labarin da zai raba shi da abincinsa?

Mulkin Jigawa ya fita daga hannun ANPP ya koma PDP, a 2015 ya koma APC, saboda haka babu babbar jam'iyyar da ba ta ɗanɗani zaman waje ba. Masu cewa ai ga gidaje masu zaman kansu irin su Freedom a Dutse sun faɗi gaskiya, amma a can fili na saye ne, sai mai kuɗi da sojojin bakinsa.

A ganinmu gyaran yana hannun Majalisar Dokoki ta Dutse: ta yanka wa shugaban gidan wa'adin da ba za a sauke shi ba sai da yardarta, ta kuma wajabta a riƙa bayyana, kowane wata, minti nawa aka ba kowace jam'iyya.